Shanyewar Ɓarin Jiki: Rawar Gado Da Matsayin Maganin Gargajiya A Ma'aunin Bincike

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki ko bugun jini, larura ce da ke aukuwa sa'ad da jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Tana cikin cututtuka uku da suka fi kisa a duniya, kuma tana sahun gaba wajen nakasa magidanta a tsakiyar ƙarfinsu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum 4 da suka kai shekara 25, akwai 1 da zai gamu da ita kafin ƙarshen rayuwarsa.

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, tambayoyi biyu ne kan biyo bayan faɗuwar mutum. Ta farko ita ce ko gadon cutar ake yi, musamman in ta taɓa kayar da uba ko kawu a gidan. Ta biyu ita ce ko saiwa da sassaƙe za su yi abin da asibiti bai yi ba. A shekarun baya-bayan nan an gudanar da manyan bincike a kan tambayoyin biyu, wasunsu ma a asibitocin Kano da Zariya da Kaduna, kuma amsoshin da aka samu sun shafi kowane gida.

Yadda cutar take aukuwa

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci ko iskar numfashi, jini ne ke kai mata su dare da rana. Da zarar ya yanke, sai ƙwayoyinta su fara mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 a kowane minti.

Yankewar iri biyu ce. Akwai ta toshewa, inda gudan jini ko kitsen da ya taru a bangon jijiya ke datse hanya. Akwai kuma ta fashewa, inda jijiya ke tsagewa jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa. Alamominsu na waje kusan ɗaya ne, amma maganinsu kishiyoyin juna ne, domin abin da ke narkar da gudan jini shi ne ke ƙara ɓarna idan jijiya ce ta fashe. Hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ko MRI ne ke rarrabe su.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa ɓarin hagu. A wurin yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, shi ya sa wanda damansa ya shanye yakan rasa magana ko ta sarƙe masa. Wani lokaci alamomin kan zo su wuce cikin mintoci, mutum ya miƙe kamar ba a yi ba. Likitoci na ɗaukar wannan a matsayin gargaɗi mai ƙarfi, domin babbar faɗuwa kan biyo baya, sau da yawa cikin 'yan kwanaki.

Abin da aka gano a Najeriya da Gana

Bincike mafi girma da aka yi kan wannan cuta a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake kira SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele da ke Amurka. Reshe ne na shirin H3Africa, wanda aka kafa domin nazarin ƙwayoyin gadon 'yan Afirka. An gudanar da shi a cibiyoyi 15 a Najeriya da Gana, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Daga 2014 zuwa 2017, masu binciken sun tattara bayanan majinyata 2,118, suka kwatanta kowanne da wani lafiyayye sa'ansa kuma jinsinsa. Sakamakon da mujallar The Lancet Global Health ta buga a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na majinyatan toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wannan kaso na fashewa ya zarce abin da aka saba gani a Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Haka nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majinyatan ba su kai shekara 50 ba, wato 'yan kasuwa ne da ma'aikata da manoma masu ɗauke da nauyin iyali.

Binciken ya zayyana abubuwa 11 da mutum ke iya gyarawa, waɗanda a haɗe suka ɗauki kusan kashi 98 cikin 100 na haɗarin cutar. Su ne hawan jini, da rikicewar kitsen jini, da yawan cin nama, da teɓa, da ciwon suga, da ƙarancin cin ganye, da damuwa, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ciwon zuciya, da rashin motsa jiki, da shan taba. Hawan jini ne jagoransu: mai fama da shi ya ninka wanda ba shi da shi haɗari kusan sau 19. Wani bincike na duniya mai suna INTERSTROKE, wanda ya haɗa ƙasashe 32 aka buga shi a 2016, ya zo da irin wannan sakamako, inda abubuwa 10 suka ɗauki kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin.

Ina gado ya shigo?

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma likitoci sun daɗe da lura cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya kamu da cutar, musamman da ƙuruciya, ya fi sauran mutane kusanci da ita. Sai dai gadon nan iri biyu ne.

Na farko shi ne inda sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya tak ke haddasa cutar. Irin wannan ba shi da yawa. Misalinsa shi ne larurar CADASIL, wadda masana a Faransa suka gano ƙwayarta mai suna NOTCH3 a 1996, kuma takan lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a bi da bi cikin zuri'a. Babban misalin da ya shafi Arewacin Najeriya kuwa shi ne amosanin jini, wanda bayaninsa ke tafe.

Na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne inda ƙwayoyin gado masu yawa ke haɗuwa, kowace ta ƙara ɗan ƙaramin kaso na haɗari. A 2018 gamayyar masana ta MEGASTROKE ta nazarci mutum fiye da 520,000, ta gano wurare 32 a kundin gadon ɗan'adam masu alaƙa da cutar. A 2022 wata gamayyar, GIGASTROKE, ta faɗaɗa aikin zuwa majinyata fiye da 110,000, adadin wuraren ya kai 89. Da yawa daga cikinsu ta hanyar hawan jini da kitsen jini da daskarewar jini suke aiki. Ma'ana, abin da akasari ake gada shi ne saurin kamuwa da hawan jini ko ciwon suga, su kuma su buɗe wa cutar ƙofa.

Galibin mutanen da aka nazarta a waɗannan manyan ayyuka Turawa ne, alhali Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado. Wannan giɓi ne SIREN ya shiga cikewa. A 2018 tawagarsa, da Farfesa Rufus Akinyemi a gaba, ta ba da rahoton alaƙa tsakanin wani nau'i na ƙwayar APOL1 da toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ita wannan ƙwaya tun 2010 aka san cewa wasu nau'o'inta, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna ba da kariya daga wani nau'in cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. A 2024 kuma tawagar ta wallafa a mujallar Genome Medicine nazari na farko da ya bi kundin gadon 'yan asalin Afirka masu wannan cuta daga farko zuwa ƙarshe, a kan mutum fiye da 3,000, inda ta nuna wasu sababbin wurare da ake ci gaba da tantancewa.

Gado yana taɓa har yadda magani ke aiki a jiki. Maganin tsinka jini na wafarin, alal misali, adadin da ya ishi wani yakan yi wa wani yawa, saboda bambancin ƙwayoyin VKORC1 da CYP2C9. Haka maganin kulofidogirel, wanda sai hanta ta sarrafa shi yake fara aiki, yakan yi rauni a jikin masu wani nau'i na ƙwayar CYP2C19. A ɓangaren hawan jini, gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magunguna biyu mai ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa karɓar maganin hawan jini daga hannun maƙwabci ko abokin aiki ba dabara ba ce.

Darasin da ke cikin wannan duka shi ne, a yau tambayar tarihin gida da awon jini sun fi kowane gwajin ƙwayar gado amfani ga babban mutum. Wanda ya san cutar ta taɓa shiga gidansu, abin da ya kamace shi shi ne ya fara awo da wuri, ya kuma dawwama a kai.

Amosanin jini: gadon da ke kayar da yara

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da rukunin AS. Ƙwayar ta yaɗu ne saboda mai AS yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 ya zo da SS, kuma haihuwar mai SS a baya ba ta rage wa cikin gaba wannan kaso.

Ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje, su riƙa goge bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su ƙuntace. Wani dogon bincike a Amurka ya nuna cewa in ba a yi rigakafi ba, kimanin kashi 11 cikin 100 na masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. Yaron da aka tashi da safe aka tarar hannunsa ya saki ko bakinsa ya karkace, a gida akan ce iska ce ta shafe shi, alhali sau da yawa wannan ne sanadi.

Akwai gwajin da ke gano yaran da ke bakin haɗari tun kafin su faɗi. Ana kiransa TCD: na'ura ce da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba zafi, tana auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta ƙuntacewa. Gwajin STOP da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin irin waɗannan yara da kashi 92 cikin 100. To amma ƙarin jini kowane wata abu ne mai tsada da wahala ga yawancin iyalai a Arewa.

Daga Kano mafita ta fito. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano, cikinsu da Dokta Najibah Galadanci da Farfesa Shehu Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada maganin sha mai suna haidroksiyuriya a madadin ƙarin jini. A gwajin SPRING, wanda ya haɗa da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, an raba yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 gida biyu, wasu na shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da The Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna cewa yara 8 kacal cutar ta kama a tsawon gwajin, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. Gidajen biyu ba su bambanta ba ta wannan fuska, sai dai masu shan miligiram 20 ba su cika kwanciya asibiti ba.

A ɓangaren rigakafi tun daga tushe, Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na rukunin jini.

Maganin gargajiya a ma'aunin gwaji

Duk wanda ya ratsa kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma zai ga masu baje saiwoyi da sassaƙe da garin magani, ga kuma shagunan magungunan Musulunci masu sayar da zuma da man zaitun da habbatus sauda. Mai maganin gargajiya ya fi likitan ƙwaƙwalwa kusa da talaka, ya fi shi sauƙin kuɗi, kuma yana magana da harshen da majinyaci ke ji. Ilimin kimiyya bai raina tsirrai ba, domin wasu daga cikin magungunan zuciya da jijiya daga gare su suka samo asali. Asfirin, wanda kamfanin Bayer ya haɗa a 1897, tushensa wani sinadari ne da ke cikin ɓawon itace. Wafarin ya fito daga binciken wata ruɓaɓɓiyar ciyawa da ke sa shanu zubar jini a Amurka. Rezafin, ɗaya daga magungunan hawan jini na farko, an tace shi a 1952 daga saiwar wani tsiro da masu maganin Indiya suka daɗe suna amfani da shi.

Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya taka matakai kafin ya zama magani. Ana farawa da tattara bayani daga bakin masu magani, aikin da malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suke yi a kan tsirran jihar. Daga nan sai gwajin ɗakin bincike, sai gwaji a kan dabbobi, sannan gwaji a kan mutane, inda ake kwatanta masu shan maganin da waɗanda aka ba wani abu mai kama da shi amma marar sinadari. Yawancin labaran da ake ji cewa an gano wani ganye na maganin kaza, a mataki na biyu ko na uku suke. Abin da ya sauke jinin ɓera bai zama lallai ya hana ɗan'adam faɗuwa ba.

Zoɓo na cikin tsirran da suka kai matakin gwaji a kan mutane. A wani nazari da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka buga a 2010, mutum 65 masu hawan jini marar tsanani sun shiga gwaji na mako 6, kuma masu shan kofi 3 na zoɓo a rana lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. An yi makamantan wannan nazari a Inugu a kan 'yan Najeriya, aka ga saukar jini. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne masu gajeren zango, awon jini suka duba, ba su kai ga ƙirga waɗanda suka tsira daga shanyewar jiki ba. Zoɓon da aka cika wa sukari kuma yana rusa abin da ake nema, musamman ga mai ciwon suga.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen ganye a matsayin abinci. SIREN ya nuna cewa masu cin ganye kullum sun fi kuɓuta daga cutar. Kwaɗon zogale da na rama da na tafasa, da miyar alayyahu da ta lalo da ta yakuwa, duk abinci ne da ake samu cikin rahusa a Kurfi da Dutsin-Ma, balle ga noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe.

A fagen amosanin jini, Najeriya na da misali na maganin gargajiya da ya bi hanyar bincike. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta NIPRD da ke Abuja, a zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya ta sarrafa shi ya zama Niprisan. Tsirrai huɗu ne a cikinsa, uku daga ciki sanannu ne a kowane gidan Bahaushe: masoro da kanumfari da karan dafi. Gwajin da aka yi ya nuna yana rage yawan tashin ciwo mai raɗaɗi. Amma rage raɗaɗi daban, kare jijiyar ƙwaƙwalwa daban, saboda haka ba ya maye gurbin gwajin TCD da haidroksiyuriya.

An kuma taɓa gwada maganin gargajiya a kan shanyewar jikin kanta. Haɗin NeuroAiD, wanda ya samo asali daga maganin gargajiyar Sin, an ba shi a gwajin CHIMES a kan majinyata 1,100 a ƙasashen Asiya. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa bayan wata 3 babu wani bambanci tabbatacce tsakanin waɗanda suka sha shi da waɗanda ba su sha ba.

Akwai dalilin da ya sa shaidar baki kan ruɗi jama'a a wannan cuta. Kumburin ƙwaƙwalwa yakan saɓe da kansa, sassan da suka tsira su fara karɓar aikin waɗanda suka mutu, kuma mafi yawan sauƙin da majinyaci zai samu a watanni 3 na farko yake zuwa. Duk abin da ake ba shi a wannan tsakani, jiƙo ne ko turare ko ƙwaya, shi ake yaba wa.

Inda haɗari yake

Haɗari mafi girma shi ne jinkiri. Allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga fara alamomi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ko inda ba a samun wannan allura, isa asibiti da wuri yana ceton rai, domin a can ake daidaita jini da suga, a sauke zazzaɓi, a duba haɗiya.

Na biyu shi ne ɗura. Cutar kan kashe jijiyoyin haɗiya, don haka ruwa ko jiƙo ko zuma ko rubutu da aka ɗura wa wanda ya faɗi yana iya zarcewa huhu ya haifar da ciwon da ke kisa cikin kwanaki. Addu'a da tofi ba sa buƙatar a buɗe bakin majinyaci, kuma ana iya yin su a mota a kan hanyar asibiti.

Na uku shi ne tsinka jini ba bisa sani ba. Tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata a wannan yanki fashewar jijiya ce ke samunsu, ba wa mutum asfirin kafin a ɗauki hoto ganganci ne. Haka nan yawan tafarnuwa da citta ta fuskar magani, ba ta miya ba, na iya ƙara zubar jini ga mai shan wafarin. Ƙaho da tsaga ma suna da wannan haɗari ga mai shan magungunan tsinka jini. Saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa a soki yatsun wanda ya faɗi da allura a fitar da jini ba shi da tushe a likitanci, ɓata lokaci ne kawai.

Na huɗu shi ne kanwa. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri, wanda ke tayar da jini, shi ne ke cikinta, kuma tana shiga jiƙe-jiƙe da yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin wankan jego. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya kawo wasu dalilai, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka, mai hawan jini ya lissafa kanwa da dunƙulen ɗanɗano a cikin gishirinsa na yini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Na biyar shi ne gashi da ruwan zafi ko garwashi. Gaɓar da ta shanye sau da yawa ba ta jin zafi, sai ta ƙone majinyaci bai sani ba. Abin da ke dawo da gaɓa aiki shi ne atisaye mai tsari a hannun ma'aikacin sashen gashin ƙashi na asibiti, a kuma ci gaba da shi a gida.

Na shida, wanda ya fi zama ruwan dare, shi ne ajiye ƙwayar hawan jini a koma jiƙo saboda an ji sauƙi. Hawan jini ba ya ciwo a mafi yawan lokuta, kuma ba a warkewa daga gare shi kamar zazzaɓi, riƙe shi ake yi. Ranar da aka daina shan magani, a ranar yake fara komawa inda ya fito.

Game da magungunan gargajiya na kwalba da leda, yana da kyau a san ma'anar lambar hukumar NAFDAC. Lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba kayan ta fuskar rashin cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa ba. Wanda ba shi da lamba kuwa, babu mai tabbacin abin da ke cikinsa, kuma a ƙasashe da dama gwaji ya sha gano magungunan bature da aka cakuɗa a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, wasunsu masu tayar da jini da lahanta ƙoda.

Alamomi da abin yi a sa'o'in farko

Alamomin sukan zo kwatsam: karkacewar baki ko fuska, sakin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, sarƙewar magana ko rashin fahimtarta, dushewar gani, jiri da tangaɗi, ko ciwon kai mai tsananin da mutum bai taɓa jin irinsa ba. A ce wa mutumin ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar jimla. In ya gaza ko da ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin, domin shi likita zai fara tambaya.

A kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi, kada a ba shi komai ta baki, a haɗa magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a tafi da su. Tsakanin Dutsin-Ma da birnin Katsina tafiyar kimanin kilomita 60 ce a kan hanyar da ta ratsa Kurfi, don haka wanda ya tashi da wuri yana iya isa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a kan lokaci. Idan numfashi ya yi nauyi ko hankali ya gushe, a fara tsayawa a asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Dutsin-Ma, a nemi takardar turawa gaba. Ko da alamomin sun wuce da kansu, a je a ranar.

Rigakafi

Awon jini na minti biyu ne. Lafiyayyen awo shi ne ƙasa da 120/80, wanda kuma ya tsaya a 140/90 ko sama a awo fiye da ɗaya, hawan jini ne. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago da ma'aikacin da ke wuni a kujerar ofis suna buƙatar tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin kwanakin mako, da rage tsire da balangu, da barin taba, da gwajin suga da kitsen jini lokaci zuwa lokaci. Mai amfani da maganin gargajiya ya faɗa wa likitansa abin da yake sha ba tare da jin nauyi ba, domin a kauce wa karo tsakanin magunguna. Iyayen yaro mai SS su nemi a yi masa gwajin TCD sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16, masu niyyar aure kuma su san rukunin jininsu tun kafin magana ta yi nisa.

Ana tunawa da wannan cuta a faɗin duniya ranar 29 ga Oktoba, Ranar Maganin Gargajiya ta Afirka kuma ita ce 31 ga Agusta. Mai magani da wanzami sau da yawa su ake fara kira idan mutum ya faɗi. Wanda ya san alamomin nan a cikinsu, ya ce wa dangi su nemi mota maimakon ya jiƙa saiwa, ya yi wa majinyaci babban taimako a sa'ar da ta fi kowace tsada.